Sawun Shimfiɗa

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce maka wani ya riga ni, ka ce ya zo ya maimaita a gabana. Mutum ya fi ɗari a tsaye bayan gidan Namadi majemi a safiyar nan, kowa da idonsa biyu, ni da ɗaya, don ɗayan kibiyar Kabawa ta tafi da shi tun ina saurayi. Amma ni Ɗangiwa mai bin sawu, ni kaɗai na ga abin da ke jikin fatar nan. Ban taɓa riƙe allo ba. Ƙasa na karanta, ita kuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na ga yunwa biyu, na tashi daga agana, na binne sa'o'ina kaf. Saboda haka in ina magana a saurara.

A zamanin nan Nasara bai zo ba. Hakimin garinmu Tambuwal mutum ne mai son dabba. Kowace shekara, in an gama kai gero rumbu, sai ya sa a tara tumakin haihuwa daga ƙauyuka a duba su a filin ƙofar gidansa. Wadda ta fi sauran a kai ta ga babban ragonsa, mai ita a ba shi tufa, abin da ta haifa kuma nasa ne. Mai dubawa wani dattijo ne daga Kebbe, Maccido, wanda hannunsa ya fi idon wasu gani. Zai buɗe bakin tunkiya ya ga ko haƙora sun zauna daidai kan dasashi. Ya sa hannu tsakanin ƙafafun gaba ya ji faɗin ƙirji. Ya taɓa hantsa, ya auna ƙugu da taƙi. Sannan ya ɗora ƙoƙon ruwa a gadon bayanta, in bayan ya lotsa ko ya karkace, ruwan ne zai tona. Aikina shi ne na ƙarshe. A share rairayi, a kora tunkiya ta bi ta kai, in durƙusa in faɗi yadda ƙafafunta suke. Shekara goma sha ɗaya muna haka, shi da hannu, ni da ƙasa.

Ranar Jumma'a da la'asar anka yi gwaji, don a rage yawansu kafin babban duba na Asabar. A nan Inna Zahara'u, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar ta da turke ɗaya, ta jawo tunkiyarta. Uda ce, baƙa daga kai zuwa tsakiyar ciki, fara fat daga nan zuwa wutsiya, haƙori fuɗu. Shimfiɗa take ce mata, saboda bayan. Maccido ya ɗora ƙoƙo, tunkiya ta yi taku shida ruwa bai zuba ba. Hannun tsohon ya sauka kan ƙugunta ya daɗe bai tashi ba. Da ta bi rairayi kuwa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙafar baya tana sauka waje da sawun ta gaba, yatsa biyu cif, hagu da dama. Faɗin ƙugu ke kawo haka. Irin wannan ko tagwaye ta ɗauka, ba ta wahala wurin haihuwa.

Namadi majemi, maƙwabcin Inna Zahara'u, yana tsaye a gefe. Mutum ne mai baki. Ya ce, "Inna, ran da wagga ta gaji da duniya, fatar tawa ce. Buzun da sarki zai yi salla a kai zan yi da ita."

Ta ce, "Kai za ka riga ta, mai warin bagaruwa."

Kowa ya yi dariya. Da gari ya waye ba wanda ya tuna da dariyar. Maganar kaɗai sunka tuna.

* * *

Da safe turke babu tunkiya. Kafin hantsi anka sami fata ɗanya, rabi baƙi rabi fari, a shanye cikin fatun Namadi a bayan gidansa. Na iske dogari ya riƙe shi a wuyan riga, mutane sun tattake ko'ina, ko sawun raƙumi ba a gani balle na tunkiya.

Anka kira Maccido daga masaukinsa a gidan hakimi. Ya ɗaga fatar, ya bi inda baƙi ya haɗu da fari da yatsa, ya girgiza kai.

"Ita ce," in ji shi.

Ya naɗe ƙafafun ciki, ya miƙa wa dogari. Inna Zahara'u ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, sai kallon Namadi take.

Amma kafin a naɗe, idona ya riga ya sauka. A cikin ƙafafun baya, daidai gwiwa, gashi ya goge hagu da dama, wurin ya yi kanta, faɗin babban yatsa. Tunkiya mai gwame kaɗai ke da wannan, wadda gwiwoyinta na baya ke gugar juna in tana tafiya. Shimfiɗa kuwa ana iya wucewa da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta. Fatar ba tata ba ce. In kuwa wani ya ɗauki wahalar yanka mai kama da ita don a daina nema, to tana da rai.

Na ce a raina, yau na riga Maccido gani, tsufa ya cim masa. Na yi shiru. Ɓarawon yana cikin taron nan, na tabbata. In na buɗe baki, kafin azahar zai yanka ta gaskiyar ya binne.

Gaban alƙali abin ya tafi da sauri. Maccido ya shaida fata ta Shimfiɗa ce. Almu, wani mai tumaki daga Jabo, ya shaida ya ga Namadi yana fitowa daga turken da asuba yana waige-waige. Mutum goma sunka maimaita maganar buzu. Alƙali ya ce a yanke wa Namadi hannun dama, kamar yadda shari'a ta ce.

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta malam, a ba ni lokaci in bi ƙasa."

"Ƙasar da gari ya tattake?"

"Wadda ba su kai ba."

Ya dube ni. "Litinin bayan la'asar. Hakimi ya ɗage duba zuwa ranar, a nan za a yi duka biyu. In ba ka zo da abin da ya fi shaidu biyu ƙarfi ba, ba zan ƙara ko inuwa ɗaya ba."

* * *

Na sami Namadi a zauren dogarai, ƙafarsa a mari. Ya ɗora hannun dama a cinya yana kallonsa. Yatsun sun rine da jima tun yana yaro.

Na ce, "Mi ya kai ka turken?"

"Abin da ke kai ni kullum. Tun da mijin Inna ya rasu ni ke kai wa tunkiyar dusa da asuba, Inna ba ta iya ɗaukar ƙwaryar. Na iske babu ita, na fito ina dube-dube. Shi ne waige-waigen."

"Igiya fa? An yanke?"

"An kwance. An naɗe ta an rataye a kan turke."

"An naɗe?"

"Tsaf, kamar mai gida ne ya yi." Ya ɗago kai. "Ɗangiwa, majemi ba ya jima da hannu ɗaya. 'Ya'ya biyar gare ni. In za su yanke, su fara da harshen, shi ya jawo."

Na ce ya bar harshen, zai yi masa amfani wurin gode mini.

* * *

Na fara da Bube mahauci, don na ga naman tunkiya a rumfarsa tun da sassafe, alhali ba ranar kasuwa ba ce. Yana ganina ya ce, "Ga mai ido ɗaya ya zo ganin rabin gaskiya."

"Rabin da nika gani ya fi naka duka. Naman wa?"

Ya ɗaga buhu ya jawo kai ya jefa gabana. Kan rago ne, da ƙaho kamar na gwanki. "Sunan jikan liman. Je ka tambaya. In kuma wannan ce Shimfiɗa, to ta yi gemu a dare ɗaya."

Na zauna. Na ce, "Ka ga fatar?"

"Na gani. Kuma ba fiɗar mahauci ba ce, ba ta majemi ba ce. Mu a gwiwa muke yankewa mu huta. Wanga ya bi ƙafa a hankali har kusa da kofato, ko tsaga ɗaya babu. Mai kiwo ne, wanda ya san dabba kuma yake jin tausayinta ko bayan ta mutu."

"Mi ya hana ka faɗa wa alƙali?"

"An tambaye ni? Mahauci ya tsoma baki inda dattijai sunka rantse?"

* * *

Mai kiwo. Sai hankalina ya koma kan Almu. Tunkiyarsa ce ta biyu a gwaji, in babu Shimfiɗa ita za ta ci. Shi ne kuma ya kai Namadi gaban wuƙa. Na tafi inda ya sauka da garkensa, ban yi masa sallama ba sai da na zagaya wurin sau biyu ina duban tsohon sawu. Tumaki goma sha tara, ko ɗaya babu mai gwame, jiya ko shekaranjiya.

Ya fito yana huci. "Mi kake nema a bayan dabbobina?"

"Mai gwame."

"A garkena? Ka ci mutuncina, Ɗangiwa. Da ka ce mini ɓarawo ya fi. Ni mai gwame ko wata uku ba ta yi a hannuna, tukunya take shiga."

"Ka ji daɗi da Shimfiɗa ta ɓace."

"Na ji. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma abin da na gani da asuba na gani, kuma shi na faɗa." Ya sosa gemu. "Mai gwame ka ce? Bana guda na gani. A garken baƙin nan da sunka sauka gindin tsamiya a ƙofar kudu ranar Laraba. Uda ce ma. Har na ce wane mahaukaci ne ke jan wannan a hanya."

"Garken wa?"

"Wa ya sani. Wani dogo ke kora su, ba ya magana da kowa. Yau da asuba ban gan su ba."

* * *

Gindin tsamiya ba wanda ya tattake. Na durƙusa, ƙasa ta buɗe mini baki.

Sawun shigowa na Laraba yana nan a gefen hanya, tumaki kamar talatin. Cikinsu ga mai gwame, kofaton baya suna sauka ciki, suna jan ƙasa. Na koma kan sawun fita na safiyar nan, na bi shi taku ɗari a durƙushe. Mai gwame ba ta fita ba. A madadinta ga wata a tsakiyar garke, ƙafar baya tana sauka waje da ta gaba. Na sa yatsa. Biyu cif.

Na koma gida na ɗauki gora da sanda da dunƙulen fura. Azahar ta same ni a hanyar Kebbe.

Wani abu ya dame ni a tafiyar nan. Ɓarawo gudu yake. Wannan garke kuwa tafiyar amarya yake yi. Duk inuwa sai sun tsaya. Da sunka zo wani kwazazzabo da kowane makiyayi ke tsallakar da dabbobi, sai sunka zagaya ta nesa. A bakin rafi na ga sauran sun sha a laka, ita kuwa an ja ta gefe, ga zoben gindin ƙwarya a ƙasa inda anka ba ta ruwa mai kyau. Wanda ya saci tunkiyar nan ba nama yake so ba, ba kasuwa zai kai ta ba. Ya san abin da ya ɗauka fiye da mai ita. Na tuna igiyar da anka naɗe. Na tuna fiɗar da Bube ya faɗa. Na tuna hannun da ya naɗe ƙafafun fata ya tura su ciki.

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Zan faɗi wannan sau ɗaya, ba zan sake ba. Daɗin cewa na riga Maccido gani ya hana ni tambayar kaina ko mutumin da ke gane tunkiya ido rufe zai taɓa kanta biyu bai ji ba. Rabin yini na ɓata. Amma ko a haka, na riga kowa.

* * *

Lahadi da azahar sawu ya kai ni wani gida a gefen Kebbe. Na tambayi wata mata a rijiya gidan wa ne, ta ce na Baba Maccido mai duban tumaki. A bayan gida, cikin wani ɗan shinge daban, ga Shimfiɗa tana cin harawa. Kusa da ita wani rago, ban taɓa ganin irinsa ba, baya kamar gado, ƙafafu kamar an sa zare an daidaita.

Dogon mai kiwon ya fito, sunansa Na'iya. Na ce, "Tunkiyar wa?"

"Ta Baba. Ya saya a Tambuwal."

"Shi ya ce?"

"Shi ya kawo mini ita da hannunsa gindin tsamiya kafin kiran salla. Ya ce kar in ɗaure ta, kar in kore ta, kar ta tsallake rami. Ya ce tana neman rago, da isarmu in sake mata Bango, ragon can. Na sake, da safen nan."

"Mai gwame fa?"

"Ya yanka mana guzuri ranar Jumma'a. Shi ya feɗe, ya tafi da fatar." Ya fara kallona da kyau. "Tun daga nan gida ya zaɓe ta, kafin mu tafi Tambuwal. Uku ne masu launin a garke. Ya daɗe a tsaye a kansu, ya shafa bayan biyun ya bar su, ya ce a taho da gurguwar."

To kun ji kuskuren. Da ya yanka ɗaya daga masu kyan nan, fatar ba ta da kanta, da ni ma na yarda. Amma zuciyarsa ba ta iya sa wuƙa a wuyan tunkiya mai kyau ba.

Na gaya wa Na'iya abin da ke jiran Namadi gobe. Na ce ya zo ya faɗa wa alƙali.

"In je? Shi dattijo ne, hakimi ke ba shi masauki. Zai ce bai san komi ba, ni na sato na kawo gidansa. Wa za a yarda da shi? Hannuna ne zai maye na majemin. Ɗauki tunkiyar, ni ban gan ka ba."

Gaskiya ya faɗa. Tunkiya za ta ceci Namadi, ta kashe Na'iya. Sai bakin Maccido da kansa.

Hanyar da garke ya yi a kwana ɗaya da rabi, ni na yi ta da tunkiya a kwana ɗaya. Inda ta gaji na saɓa ta a wuya. Duk mai cewa ƙarya ne bai san ni ba a shekarun nan.

* * *

Litinin, inuwa ta fara karkata, na shiga ta bayan gari zuwa rumfar Bube. Munka shafe tunkiyar da lakar tafki tun daga kunne har wutsiya, ta koma ja, ba baƙi ba fari. Na gaya masa abin da zai yi. Ya ce, "Kai dai ba ka da kirki," ya fara wasa wuƙa.

Na je wurin Inna Zahara'u. Da ta ji tana da rai, ta kama bango. Da ta ji sauran, ta saki.

"Wuƙa a wuyanta?"

"Bayan wuƙar zai sa, Inna. Ke dai ko ta yi kuka kar ki amsa."

"In hannun Bube ya goce fa?"

"Na wanda zai yanke Namadi ba zai goce ba."

Ta ɗauki mayafinta. "Kwana uku nika tsine wa yaron nan. Mu tafi."

* * *

Fili ya cika. An share rairayi don duba, tumaki a ɗaure a jere. Hakimi yana zaune, alƙali a damarsa, Maccido a kan buzunsa. A gefe an ɗora tukunyar man kaɗanya a wuta, wadda ake tsoma dungun hannu a ciki don jini ya tsaya. Namadi yana durƙushe kusa da ita, ƙamshin man yana dukan hancinsa.

Alƙali ya ce, "Ɗangiwa, la'asar ta yi."

Na roƙi a shimfiɗa fatar, a kira Almu da Bube da Baba Maccido su tsaya a kanta. Na buɗe ƙafafun baya. Na ce, "Almu, kai da ba ka ƙaunata, faɗa wa jama'a mi ke nan."

Ya sunkuya ya taɓa. Ya ɗago a hankali. "Kanta ce. Mai gwame ce wagga."

Fili ya ɗauki guna-guni. Maccido ko gezau. Ya ce, "Igiya ma tana goge ƙafa in ana dabaibayi. Shekara arba'in nika taɓa tumaki. Na ce ita ce."

Alƙali ya ce, "Fata ba ta magana, Ɗangiwa. Masani ya faɗi nasa. Kana da wani abu?"

Na sunkuyar da kai kamar wanda anka kayar. Na ce, "Babu, Allah gafarta malam. Na bi wani sawu har Kebbe, na sami wata tunkiya a shinge ɗaya da rago, mai kiwon gidan ya ce ba ta cikin garkensu, ya bar mini. Na ɗauka ita ce. Amma tun da Baba ya ce Shimfiɗa ta mutu, ya fi ni sani. Wagga ba ta da mai ita ke nan. A bar ni in yi sadaka da ita yanzu, ko Allah ya sassauta wa Namadi zafin wuƙa."

Alƙali ya ɗaga hannu, alamar in yi.

Bube ya jawo ta, ya bi da ita ta tsakiyar rairayin da anka share. Mutane suna dariyar laka. Ni ba tunkiya nake kallo ba, Maccido nake kallo. Shi kuma ba tunkiya yake kallo ba, ƙasa yake kallo, inda ƙafar baya ke sauka waje da ta gaba.

Bube ya kayar da ita, ya fuskantar da ita alƙibla, ya taka ƙafafun. Ta yi kuka sau ɗaya. Inna Zahara'u ta cusa mayafi a baki. Bube ya ɗaga haɓar, ya ɗora wuƙa, ya ce, "Bismillahi."

"Ɗaga wuƙarka, Bube."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma kowa ya ji. Maccido ya riga ya miƙe.

Bube ya ce, "Baba, tunkiyar laka ce, mi ke ciki?"

"Ɗaga, na ce. Bango ya hau ta jiya. Abin da ke cikinta ba a taɓa haifar irinsa ba a ƙasar nan."

Alƙali ya ce, "Wane ne Bango?"

"Ragona."

"Kwana biyar kana gidan hakimi. Ƙaƙa ka san abin da ragonka ya yi jiya a Kebbe?"

Inna Zahara'u ta tashi, ta ɗauki ƙoƙon duba da ruwansa ta zuba a bayan tunkiyar, ta goge da mayafi. Baƙi ya fito, fari ya fito.

Maccido ya juya ga hakimi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ragonka haɓarsa gajera ce, ƙugunsa tsukakke. Kowa a filin nan ya sani, ba mai iya faɗa maka. Kowace shekara ni ke zaɓo mafi kyau da hannuna in kai masa ya ɓata. Wagga tun bara na gan ta. Na nemi Zahara'u ta sayar mini sau uku, ta ƙi. Ban iya kai masa ita ba, wannan karon."

Namadi ne ya yi magana, daga inda yake durƙushe.

"To hannuna fa, Baba?"

Maccido ya ce, "Na zaci za a ce saye ka yi daga wani. Na zaci alƙali zai sassauta."

"Da ya ce hannun dama kana zaune."

Tsohon ya dubi hannun Namadi, irin duban da yake wa dabba, daga wuyan hannu har yatsu. Sannan ya koma ya zauna a ƙasa, ba a kan buzu ba. Alƙali ya ce a sauke tukunya, a cire wa Namadi mari.

* * *

Maccido anka tafi da shi Sakkwato. Abin da anka yi masa can, kowa da nasa labari. Ni abin da ban ga sawunsa ba, ba na faɗa. Na'iya ba wanda ya taɓa shi. Almu ya kai wa Namadi ɗan rago har gida, ya ɗaure ya tafi. Bayan wata biyar Shimfiɗa ta haifi tagwaye, ta miƙe ta lashe su kamar ba ta yi komi ba. Na kora su kan rairayi da kaina suna da wata uku. Yatsa biyu, su duka. Tsohon bai yi ƙarya ba a kan wannan. Duk wata tunkiya mai faɗin baya da kuke gani daga nan har Sanyinna, jikarsu ce.

Fatar mai gwame alƙali ya ba Namadi. Ya jeme ta da hannunsa biyu, ya bar gashin, ya kawo mini. Ita ce wagga da nake zaune a kai. Kantar tana nan hagu da dama, ta ƙi gogewa.

Wanda ke ganin tsufa ne ke sa ni surutu, ya zo ya ɗaga ni ya taɓa da yatsansa. In bai ishe shi ba, ya jawo tunkiyarsa, ya share rairayin ƙofar gidana, in juya baya ta wuce. Zan faɗa masa faɗin ƙugunta, da ƙafar da take tausaya wa, da ko za ta wahala wurin haihuwa. In na kuskure ko da yatsa ɗaya, ido guda ya rage mini, ya zo da kibiyarsa.